Yayen Dattijo da Baballe

Alhamis, 9 ga Fabrairu 2006, da hantsi

Iya, uwar Malam, lafiya, sai gwiwar da ta saba. Kulu lafiya, haƙori take yi, ta cije ni sau biyu. Malam yana Ikko da tumatir, yau kwana goma sha ɗaya. Uba ƙaninsa ya ce sun yi waya, lafiya yake. Kaji bakwai lafiya, na ƙirga su da asuba, na sake ƙirgawa. Akuya lafiya. 'Ya'yan aku biyu lafiya, sai kuka. Ni ma ba inda ke mini ciwo.

Mubina ce ba lafiya. Yau kwana biyu.

Na rubuta sunanta. Shekararta tara ban taɓa kiransa da bakina ba, don 'yar fari ce. A ɗakin Iya take kwana tun da aka yaye ta, in ina son ta "ke" nake cewa. Malama Binta ta ajinmu na yaƙi da jahilci ta ce kowace ta nemi littafi ta riƙa sa rana da lokaci, sannan abin da ya faru, ko layi ɗaya ne, don hannu ya saba. Ba ta ce za ta duba ba.

Jiya cika-ciki. Iya ta sa an yanka zakara, kowa ya ci har ya jingina da bango. Mubina ta kai loma biyu ta ce bakinta ɗaci. Muna cikin ci rediyo ya ce wata cuta ta shiga gonakin kaji, murar tsuntsaye, wai tana kama mutum. Iya ta ce zakaran dai ya riga ya shiga ciki, su zo su fito da shi.

Na yi dariya tare da su.

Juma'a, 10 ga wata, bayan azahar

Bari in rubuta yadda tsuntsayen nan suka zo, ko zuciyata ta zauna wuri ɗaya.

Wata guda ke nan Uba ya sare reshen tsohon gawon da ke bakin kanal, don yana yi wa albasa inuwa. A kogon reshen aka tarar da 'ya'yan aku uku, tsirara kamar an fige su. Ran nan Mubina ce ta kai abinci gona, ta ƙullo su a ɗankwali. Ɗaya bai kwana ba. Malam ya ce ɓarayin masara ne, a jefar, amma da ya ga idonta sai ya ɗauko tsohon kwandon tumatir da hannunsa ya shimfiɗa tsumma a ciki.

Mai sanƙon ta sa masa Dattijo. Mai yawan kukan Baballe.

Ba su san ci ba. Iya ce ta nuna mata yadda ake yi tun zamaninsu: ta tauna gyaɗa da ɗan tuwo har ya yi laushi, ta sa bakin tsuntsun a bakinta, shi kuma ya yi ta kaɗa kai yana zuƙa. Sau biyar a rana. Kafin makaranta, bayan makaranta. Wata guda cur bakinta a bakinsu. Yanzu sun yi gashi kore, cikinsu ruwan ɗorawa.

Na rubuta, kuma zuciyar ba ta zauna ba.

Uba ya shigo bayan masallaci da labari. Wai wajen Kumbotso masu fararen kaya har ka sun shiga wata gona, sun kashe kaji kaf sun binne a rami. Wai in aka sami mutum da ita ɗauke shi ake yi, ko uwarsa ba ta ganinsa. Ya ce mini, matar Yaya, ki soye kajinki mu cinye kafin su iso. Na ce masa shi kullum cikinsa ne ke fara jin labari.

Iya ta ce sanyin kanal ne ya kama yarinya. Ta yi mata sirace da ganyen darbejiya.

Yau sau huɗu na shiga ɗakin Iya neman ashana. Na taɓa goshin Mubina. Da zafi.

Asabar, 11 ga wata, da asuba

Kaji bakwai. Goshi da zafi.

Asabar, bayan la'asar

Na yi abu.

Tana kwance, jikinta na rawa, ta ce in miƙo mata kwandon, lokacinsu ya yi. Na ga ta ɗauki gyaɗa za ta kai baki. Ban san lokacin da na fizge kwandon ba.

Na kai su ɗakin da ke bayan rumbu. Shekara uku ban shiga ba. Tabarmar tana nan a naɗe inda na bar ta, ƙaramin kwanon ma yana nan. Ban duba sosai ba. Na ajiye kwandon a lungu, na rufa buhu. Injin ban ruwan maƙwabta yana aiki wuni guda, ba mai jin kukansu.

Da na dawo na ce mata Uba ya mayar da su gawo, wurin uwarsu.

Ta dube ni ta ce, "Inna, ai reshen an sare. A ina zai sa su?"

Na ce in manya sun yi magana yaro ba ya tambaya. Ta juya fuska bango. Kunun da na dama yana nan har ya yi fata.

Ba zan iya kashe su ba. Ba zan iya barin su kusa da ita ba. Asibiti kuma, in na je tambayata za su yi, in na faɗa su ɗauke ta, su zo su kashe kajin unguwa, a ce gidan Malam ne ya jawo, shi kuma ba ya nan. Kuma da wane baki zan ce wa Iya a kai 'yar fari asibiti, ita da ke riƙonta ba ta ce ba?

Lahadi, 12 ga wata, da walaha

Na gwada ba su da cokali. Dattijo ya ja da baya har ya faɗi. Baballe ya buɗe baki, na zuba, duk ya bi wuyansa. Kallon bakina kawai suke yi suna kuka.

Uba ya kawo wayarsa, Malam yana kai. Iya na zaune, Uba na tsaye a kaina yana cewa kati zai ƙare. Malam ya ce yaya gida. Na ce lafiya lau. Ya ce yara fa. Na ce lafiya, sai ɗan zazzaɓi. Ya ce kasuwa ta cushe, sai ya ƙara mako biyu ko uku.

Bayan nan Iya ta sake ɗauko maganar Kulu. Wai wata ashirin da biyu, yarinya tana gudu tana cizo, yaushe za a yaye ta. Na ce sai Malam ya dawo. Ta ce da ƙaramar salla na kawo wani dalili, da babba na kawo wani. Na ɗauki tsintsiya na fita.

Ba na son kalmar nan. Ko rubuta ta da na yi yanzu ban so ba.

Mubina ta sha ruwa. Ruwa kawai.

Litinin, 13 ga wata, da asuba

Na yi abin da na hana ta. Baballe ba ya iya ɗaga kai.

Litinin, da azahar

Na wanke bakina da gishiri sau uku, da toka sau ɗaya. Sannan Kulu ta zo ta ɗaga mini riga. Na daɗe ina kallonta kafin in ba ta.

Duk biyun sun ci. Ƙasan wuyansu ya cika ya yi tulu, suka yi barci a jingine da juna. Ba su yi kama da masu cuta ba. Amma ni ina na san kamar masu cuta?

Kaji bakwai.

Laraba, 15 ga wata, da hantsi, a asibiti

A kan gwiwata nake rubutu. Na zo da littafin ne ban sani ba, yana cikin zanen goyo.

Jiya bayan azahar na shiga neman ashana, na tarar idonta ya juye, haƙoranta sun datse, ƙafarta tana bugun gado. Iya tana alwala a ƙofa. Na ji wata murya tana kiran Mubina, Mubina, Mubina, da ƙarfi har kaji suka watse. Tawa ce.

Na ɗauke ta na saɓa a kafaɗa, yarinyar da rabona da ɗaukarta tun tana rarrafe. Na fito na tsaya gaban Iya, ban sunkuyar da kai ba. Iya ta ajiye buta. Ta cire mayafinta ta yafa mini, ta kwance Kulu daga bayana ta sake ɗaura mini ita da kyau, ta ce, "Me kike jira? Uba yana bakin kanal, ki bi ta nan."

Mu huɗu a babur har Kura. Uba bai yi wasa ko ɗaya ba a hanya.

Suka yi mata allura, suka sa ƙarin ruwa, suka ɗebi jini. Wanda ya duba ta, mai furfura a gemu, ya tambaye ni kwana nawa. Na ce bakwai. Ya ajiye biro ya dube ni. Ya ce me ya hana ni zuwa.

Sai na faɗa. Gawon, kwandon, gyaɗar, bakinta, har nawa bakin. Ina faɗa ina riƙe da ƙafarta, don in za su ɗauke ta sai dai su haɗa da ni.

Ya tambaya ko kaza ta mutu a gidanmu. Na ce bakwai ne, suna nan. A maƙwabta fa? Babu. Tsuntsayen suna ci? Suna ci. Yarinyar tana tari? Ba ta yi. Ya rubuta duka. Ya ce mu jira jini.

Laraba, bayan la'asar

Zazzaɓin cizon sauro ne.

Na sa mai furfurar ya maimaita. Ya ce maleriya ce, ta yi mata yawa ƙwarai, ta ci jininta. Ya ce mu da ke kwana a bakin kanal da shinkafa, ita ya kamata mu fara tunani kafin abin rediyo. Ya ce da na ƙara kwana ɗaya, amma bai ƙarasa maganar ba. Ya ce ba mai ɗauke ta. Amma bakin mutum da bakin tsuntsu kada su sake haɗuwa, ko da cuta ko babu, a riƙa wanke hannu, in kuma kaza ko aku ya mutu in zo in faɗa da ƙafata.

Sauro. Abin da nake kashewa da tafin hannu.

Na fita bayan ɗakin inda ake shanya, na zauna a ƙasa na yi kuka, sannan na yi dariya. Wata mai jinya ta zaci rasuwa aka yi mini, ta zo tana ba ni haƙuri.

Na taɓa goshin Mubina yanzu. Da gumi. Da sanyi.

Juma'a, 17 ga wata, kafin magariba

Mun dawo gida. Iya lafiya, Kulu lafiya, kaji bakwai.

Duk hanya tunanin ɗakin bayan rumbu nake yi. Kwana uku ba wanda ya san suna ciki. Na ce zan tarar da su sun bushe, in binne, ƙaryata ta zama gaskiya.

Na tura ƙofa na ga an share ɗakin. An buɗe taga. An sake tsumma. Su biyun suna tsaye a bakin kwando, wuyansu cike, Dattijo yana gyara gashinsa.

Na fito na tarar da Iya tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba. Ni ma na wuce.

Asabar, 18 ga wata, da azahar

Zazzaɓi ya tafi, amma ba ta ci. An ce ta ci sosai don jini ya dawo. Na yi kunun gyaɗa, na yi faten wake da alayyafo, Uba ya kawo hanta. Takan duba ta ce ta ƙoshi. Maganin ma da ƙyar. Wuyan hannunta ya zama kamar na Kulu.

Ba ta yi mini rashin kunya ba. Ba ta dai kallona.

Lahadi, 19 ga wata, bayan la'asar

Iyatu mai nono ta zo, matar Hammadu na rugar da ke hayin kanal. Ta sauke ƙwarya tana mitar shanu sun shiga albasar wani, an kai ƙara. Yau injin maƙwabta ya lalace, gida shiru. Tana cikin auna mini nono sai ta karkata kai ta ce, Saude, ko dai aljanunki ne ke kuka a bayan rumbu, ko kuwa aku.

Na kai ta. Ta ɗaga Dattijo ta hura gashin cikinsa, ta taɓa ƙirjinsa, ta ce wannan ai ya kusa aure ana ba shi a baki. Babanta ya yi kiwonsu a ruga tun tana yarinya. Na ce an hana baki, cokali kuma sun ƙi. Ta karɓi cokalin ta matse gefensa biyu da dutse har ya yi kamar bakin uwarsu. Ta ce kunun ya zama da ɗumi, in gwada a bayan hannuna, mai sanyi ba sa karɓa, mai zafi yana ƙona su. Baballe ya kama cokalin ya yi ta kaɗa kai har ya fantsama mata a ido. Ta ce wannan Bahaushe ne, ba ya wasa da abinci. Na ce ɗayan kuwa Bafillace, a ba shi yana kunya, a juya baya ya cinye.

Sannan ta ce cokalin ma na ɗan lokaci ne, sun isa yaye.

Na ce ba na so. Su yi ta shan cokalin.

Ta ce to in shirya riƙe cokali shekara ashirin. Ta ce ba yanke musu ake yi rana ɗaya ba. A bar na safe da na yamma, a janye na rana, a zuba musu abu mai laushi a faifai. Kullum a taɓa ƙashin ƙirji, in ya fito kamar wuƙa a ƙara kunu. Amma ba za su taɓa faifan ba sai sun ga ana ci a gabansu. Kwaɗayi ne da su, abin da suka ga baki yana tauna shi suke so.

Na ce to zan zauna in ci.

Ta ce, "Ke ba ke ce uwarsu ba. Wa suka buɗe ido suka gani?"

Litinin, 20 ga wata, da hantsi

Na ɗauki kwandon na shiga ɗakin Iya. Iya ta tuna tana da aiki a waje.

Na ajiye shi a gaban gado. Baballe ya fara kuka tun kafin in cire buhun. Mubina ta tashi zaune, ba wanda ya taimaka mata. Ta daɗe tana kallonsu. Ta ce, "Na riƙa jin su. Na zaci zazzaɓin ne."

Na ce ƙarya na yi mata. Na ce tsoro ne. Ban taɓa ba yaro haƙuri ba, ban san yadda ake yi ba, sai na tsaya ina gyara tsumman da ba abin da ya same shi.

Ta miƙa hannu wajen gyaɗa. Na ce a'a, an hana, na gaya mata abin da Iyatu ta ce. In ba su ga tana ci ba, ba za su koya ba. In ba su koya ba, ni na gaji, cokali ɗaya ne a gidan.

Ta ce me za ta ci. Na ce abin da za su iya: dafaffen dankali, ɗanyar masara, gwaba.

Na kawo faifai nasu, kwano nata. Ta ɗauki dankali ta kai baki tana kallonsu, tana taunawa da ƙarfi don su ji, har da lumshe ido wai daɗi. Dattijo ya sauko, ya zagaya faifan, ya taka dankalin, ya duba ƙafarsa. Baballe ya hau cinyarta yana leƙen bakinta yana ihu.

Ba su ci komai ba.

Ita ta cinye dankali biyu da rabi. Na ƙirga daga bakin ƙofa.

Talata, 21 ga wata, da azahar

Dankali uku, kunu rabin kofi. Ta ce a ƙara, ba su gane ba tukuna.

Alhamis, 23 ga wata, bayan la'asar

Dattijo ya ɗauki ƙwayar masara. Ya juya ta a baki, ya yar, ya sake ɗauka, ya ɓare ta ya haɗiye cikin. Mubina ta kira ni, ta kira Iya, ta kira Uba da ke wucewa da buhun taki. Uba ya ce madalla, an yaye ɓarawo, saura a nuna masa hanyar gona. Ta ce masa ai shi ya rushe musu gida, dole ya ciyar da su.

Ta ce mini hanta ma a kawo, ko za su so. Na san aku ba ya cin hanta. Ita ma ta sani. Na kawo.

Asabar, 25 ga wata, da asuba

Na manta ban ƙirga kaji ba jiya.

Talata, 28 ga wata, da walaha

Baballe ya ƙi. Yana ganin ɗan'uwansa yana ci, shi sai ya bi mutum yana kaɗa fiffike yana kuka kamar ana zare masa rai. Jiya da rana na kasa jurewa, na ɗauko cokali a ɓoye. Mubina ta kama ni. Ta ce Inna ke ce kike ɓata shi. Ta ɗaga shi ta sa yatsana a ƙirjinsa, ta ce ji, nama ne, ba yunwa yake ji ba, so yake a kula shi. Ta zaunar da shi a kafaɗarta tana sosa masa kai, ya yi shiru.

Na mayar da cokalin.

Ta ci tuwo da miyar kuka yau, ta suɗe kwano. An koma asibiti an duba idonta da tafin hannunta, an ce jini yana dawowa. Malam ya ji labarin asibiti a waya, ya sa Uba ya sayo gidan sauro biyu, na ɗaura ɗaya a ɗakin Iya. Iya ta ce an sa ta a akurki.

Juma'a, 3 ga Maris, bayan azahar

Ina yi wa Iya tsifa, bayanta gare ni, sai na ce mata na gode da sharar ɗaki.

Ta ce wane ɗaki. Can ta ce tsuntsayen banza, sun sa ta daka gyaɗa a turmi kamar mai jego, don ba ta da haƙorin taunawa. Ta ce tun ranar Asabar ɗin ta sani, gwiwa ce ke mata ciwo ba kunne ba. Ta ce kuma ashanar ɗakinta ba ta taɓa ƙarewa da sauri haka ba.

Na ci gaba da tsifa.

Sai ta ce, "Saude, ba yaye ne ya ɗauki Suhaibu ba. Ƙyanda ce. Yara shida ta ɗauka a unguwar nan, huɗu suna kan nono. Ni na karɓe shi daga hannunki, a ɗakina ya kwana tara kafin a mayar miki da shi da zazzaɓi. Kina tsammani ni ban ƙirga ba?"

Shekara uku ba wanda ya kira sunansa a gabana.

Na gama layin da nake yi, na fara wani. Ta miƙo hannu ta baya ta riƙe ƙafata, muka zauna haka har Kulu ta zo ta zubar da man kitso.

Laraba, 8 ga Maris, da hantsi

Baballe ya ci gwaba. Sata ya yi daga hannun Kulu. Wanda aka zuba masa a faifai yana nan bai taɓa ba.

Mubina ta koma makaranta. Ta bar mini doka: kunu da yamma kawai, cokali uku, kada in ji tausayi.

Lahadi, 12 ga Maris, bayan la'asar

Jiya da yau ba wanda ya nemi cokali. Na dama kunun, ya huce, Kulu ta shanye. Dattijo ya tashi daga kwando har kan rumbu, ya rasa yadda zai sauko, sai da Mubina ta hau turmi. Uba yana saƙa musu keji da karan dawa, yana cewa shi dai an mayar da shi bawan ɓarayi.

Iya lafiya. Kulu lafiya. Kaji suna nan, har ɗaya tana kwanci. Mubina lafiya. Mubina lafiya.

Malam, daga nan da kai nake.

Gobe motar tumatir za ta tashi daga Kadawa, zan naɗe littafin nan a leda in ba Uba ya ba direba. A waya ba zan iya ba, kullum da mutum a kaina. Ka karanta daga farko. Inda hannuna ya karkace ka yi haƙuri, wani wurin a gwiwa na rubuta. Za ka ga na ce maka lafiya lau ranar da ba lafiya ba. Za ka ga kwana bakwai. Ban goge ko ɗaya ba.

Abu biyu nake nema. Tsuntsayen, tana so a bar mata su. Na ce sai abin da ka ce, amma ka sani su suka ba ta abinci.

Na biyu, na gaya wa Iya ta sa rana. Ta sa Juma'a, 24 ga wata, za ta karɓi Kulu. Na roƙe ta kada a yanke rana ɗaya, in fara janye na rana tun yanzu, a bar na safe da na dare. Ta ce yanzu kuma a wurin aku ake koyon yaye. Amma ta yarda.

In ka amince, ka aiko da amsa ta hannun direban nan kafin Laraba, 22 ga wata, don a karɓo rubutun yaye wurin liman a kan lokaci. Kada ka ba Uba saƙon baki, zai ƙara nasa. Ka rubuta a shafin baya, na bar maka shi fari. Ka yi manyan baƙaƙe. Da kaina zan karanta.